Kalmomin Dangi A Holanci: Inda Baffa Da Kawu Suka Zama Abu Guda

Duk littafin koyon harshe da aka rubuta domin sababbin ɗalibai, da wuya mutum ya wuce babi na uku bai ci karo da darasin iyali ba. Bayan gaisuwa da ƙirga, sai a jero masa uba da uwa, ɗa da 'ya, kaka da jika, kowace kalma da fassararta a gefe, a ce ya haddace. Yawancin ɗalibai suna ɗaukar wannan darasi a matsayin mafi sauƙi, tunda dai kowa haihuwarsa aka yi. Ni kuwa da na koyi Holanci da girmana, a ajin yamma, lokacin da karatun aikin gona ya kai ni garin Wageningen, ban ga darasin da ya kai shi nauyi ba. Kalmomin ba su wuce talatin ba, yini biyu ya isa a haddace su, amma a cikinsu ne al'umma take gaya maka wanda take lissafawa ɗan cikin gida da wanda take tsayarwa a zaure.

Holanci, wanda masu shi ke kira “Nederlands”, harshen uwa ne ga mutum sama da miliyan 23. Ana yin sa a ƙasar Holan, da arewacin Beljiyam, da Surinam a Kudancin Amurka, da wasu tsibiran Karebiya irin su Aruba da Kurasawo. Bahaushe ya daɗe da sanin sunan ƙasar ta hanyar atamfa 'yar Holan da ake ƙawata lefe da ita, wadda kamfanin Vlisco, da aka kafa a 1846, yake bugawa a garin Helmond. Yau kuma akwai ɗalibanmu a jami'o'insu, akwai 'yan kasuwarmu, akwai kuma 'yan'uwanmu na zangunan Gana a unguwar Bijlmer da ke kudu maso gabashin Amstadam. Tun daga 2006, wanda zai bi miji ko mata zuwa Holan daga ƙasashe irin namu sai ya ci jarrabawar harshe da sanin al'ada tun kafin ya taso. Saboda haka darasin dangi, ga wasu daga cikinmu, shi ne ƙofar haɗuwa da iyalinsu.

Tushen jerin ba shi da wuya. Uba “vader” ne, uwa “moeder”, su biyun a haɗe “ouders”. A bakin yara kuwa “papa” da “mama” ne. Ɗa “zoon”, 'ya “dochter”, yaro ko yarinya ba tare da bambancewa ba “kind”, jam'insa “kinderen”. Kaka namiji “opa”, kaka mace “oma”, a rubutun hukuma kuma “grootvader” da “grootmoeder”, wato babban uba da babbar uwa. Jika “kleinkind” ne, ƙaramin ɗa ke nan, tattaɓa-kunne kuma “achterkleinkind”. Wajen furuci, “oe” ɗinsu “u” ne namu, don haka “moeder” kamar “mudar” ake faɗar sa. Harafin “v” yana kusa da “f”. Idan “d” ta zo a ƙarshen kalma sai ta koma “t”, shi ya sa “kind” yake fita “kint”. Haruffan “g” da “ch” kuwa, waɗanda ke wahalar da mutanen Ingila da Faransa, su ne “kha” ta Larabci. Duk wanda ya riƙe allo yana yaro zai furta “dochter” daidai tun ranar farko, kuma na ga yadda hakan ya ba malamarmu mamaki.

Matsalar tana farawa ne daga kalmar iyali ita kanta. Holanci yana da kalmomi biyu da ba a musanya su. “Gezin” shi ne miji da mata da 'ya'yan da suka haifa, waɗanda rufi ɗaya ya rufe su. “Familie” kuma shi ne sauran dangi gaba ɗaya, har da kakanni. Wani zai ce ai mu ma muna da iyali da dangi, kuma gaskiya ne. Sai dai iyalin Bahaushe yana miƙewa: tsohuwar da ke ɗakin ƙofar gida iyali ce, ɗan ƙanen maigida da aka kawo riƙo iyali ne, har almajirin da ya shekara goma yana cin tuwon gidan akan lissafa shi. Shi “gezin” ba ya miƙewa haka. Ranar da ɗa ya yi aure ya kafa nasa, iyayensa sun koma “familie” a wurinsa.

Ɗan'uwa namiji “broer” ne, ana furta shi “brur”, 'yar'uwa kuma “zus”. Ko kaɗan kalmomin nan ba su nuna wane ne babba. Bahaushe ba ya iya ambaton wanda suka fito ciki ɗaya ba tare da ya faɗi matsayinsa ba: ko wa ne ko ƙane, ko ya ce ko ƙanwa. Da zarar ka ce Yaya, ka riga ka faɗi wa zai fara sa hannu a kwano, wa zai yi magana a taron gida, wa za a aika kasuwa. Mutumin Holan idan yana son wannan bayani sai ya ƙara siffa, ya ce “oudere broer” ga wa, “jongere zus” ga ƙanwa, ko ya ƙanƙanta kalmar ya ce “broertje” da “zusje”. Sau da yawa ma ba ya ƙarawa, domin a ganinsa shekara biyu ko uku da ke tsakani ba ta ba kowa iko a kan kowa ba. Kuma ba su da kalma ɗaya ta yau da kullum da ke tattara 'yan'uwa maza da mata. Tambayar da za a yi maka ita ce “Heb je broers of zussen?”, wato kana da 'yan'uwa maza ko mata?

Daga nan sai “oom” da “tante”. Ƙanen uba, da wan uwa, da mijin gwaggo, duk “oom” ne. Gwaggo, da inna ƙanwar uwa, da matar kawu, duk “tante” ne. A wurinmu waɗannan mutane ayyukansu daban. Baffa uba ne, shi ke karɓar sadaki ya ba da aure alhali mahaifin yarinya yana zaune gefe ya yi shiru. Gwaggo ita ke cikin masu kai amarya ɗakinta, ita ke da bakin faɗa idan aure ya yi tsami. Gidan kawu kuwa can yaro ke gudu idan ya yi laifi, domin ya san ba za a rasa mai lallashinsa ba. Holanci yana iya bambance su idan an matsa masa, da “van vaderskant”, na wajen uba, da “van moederskant”, na wajen uwa. Amma wannan bayani ne ake ƙarawa idan an tambaya. Ba a kiran mutum da shi.

Kalmomin da suka fi rikita ɗalibi su ne “neef” da “nicht”. “Neef” ɗan wanka ne ko ɗan ƙanwarka, kuma shi ne ɗan baffanka ko ɗan gwaggonka. “Nicht” ita ce ta macen. Gidan sarautarsu ya isa misali, tunda kowa ya san shi. Sarki Willem-Alexander, wanda ya hau gadon mulki a 2013 bayan mahaifiyarsa Beatrix ta yi murabus, yana da 'ya'ya mata uku: Amalia, Alexia da Ariane. Yana kuma da ƙane, Yarima Constantijn. Amalia “nicht” ce a wurin Constantijn, wanda baffanta ne, kuma “nicht” ce a wurin 'ya'yan Constantijn, waɗanda tsararrakinta ne. Kalma ɗaya ta haɗa hawa biyu na zuri'a.

Ga Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kalmar ta haɗa wadda aurenta ya haramta har abada, wato 'yar ɗan'uwa, da wadda auren zumunci ya halatta da ita, wato 'yar baffa ko 'yar kawu. Bahaushen da ya ce ya auri “nicht” ɗinsa ya bar mai sauraro cikin ruɗu, sai ya ƙara bayani. Su ma mutanen Holan sun san da wannan cikas, shi ya sa suke da wata kalma da nake jin daɗinta ƙwarai: “oomzegger”, wato mai cewa “oom”, da “tantezegger”, mai cewa “tante”. An ba yaro suna daga abin da yake kiran ka da shi. Ɗan baffa ko ɗan gwaggo kuma, idan ana son a tantance, “volle neef” ne. Auren 'ya'yan wa da ƙane bai haramta a dokar Holan ba, amma tun Disambar 2015 sai ango da amarya sun yi rantsuwa cewa babu wanda ya tilasta musu.

Da na daɗe ina juya wannan a raina, sai na lura cewa Hausa ma ba ta da kalma guda ta ɗan wa ko ɗan ƙane. Ɗan wana ɗana ne, haka nake kiran sa, haka yake amsawa. Ɗan baffana ɗan'uwana ne, wa ko ƙane gwargwadon shekarunsa. Ɗan gwaggo da ɗan kawu ne kawai muka ware muka ba su suna, taubashi ko abokin wasa, kuma wannan warewar domin a samu damar tsokana ce. To ashe kowane harshe yana cakuɗa wasu dangi a kalma ɗaya, bambancin yana wajen inda ake tura su. Hausa tana jawo na nesa ta shigar da shi tsakar gida, ta mai da ɗan wa ɗa, ta mai da ɗan baffa ɗan'uwa. Holanci kuwa yana kewaye “gezin” da katanga, duk wanda ya rage a waje ya tara su a ƙarƙashin “neef” da “nicht”, “oom” da “tante”.

Na ji nauyin katangar nan ranar da malamarmu ta raba mana takarda mai zanen bishiyar zuri'a, “stamboom”, ta ce kowa ya cike tasa. An tanadi gurbi ɗaya na uba, ɗaya na uwa, uku ko huɗu na 'ya'ya. Mahaifina mata uku ya bari, mu goma sha bakwai ne a gidanmu. Na juya bayan takardar na ci gaba da rubutu. Da ta zo kaina ta ga jerin, sai ta tambaye ni cikin ladabi su wane ne “broer” na gaske, su wane ne “halfbroer”, wato rabin ɗan'uwa. A Holanci kalmar ba zagi ba ce, lissafi ne kawai: uba ɗaya, uwa daban. Mu ma muna da 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya, muna da shaƙiƙi. Sai dai a gidan da aka yi tarbiyya, ba ka nuna yayanka a gaban baƙo ka ce ɗan ubana ne, domin daga ɗan uba zuwa 'yan'ubanci taki ɗaya ne. Yayan da ya biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare daga cinikin gyaɗarsa ba ɗakinmu ɗaya ba. Na rubuta “halfbroer” a gefen sunansa domin darasin ya buƙaci haka, amma takardar ba ta biyo ni gida ba.

Surukai kuwa an yi musu ado. Ana liƙa “schoon” a gaban kalma: “schoonvader” suruki, “schoonmoeder” suruka, “schoonzoon” mijin 'ya, “schoondochter” matar ɗa, “schoonzus” 'yar'uwar miji ko ta mata, ko matar ɗan'uwa. Sarauniya Máxima, 'yar asalin Ajantina, “schoondochter” ce ga Beatrix. A Holan ta yau “schoon” yana nufin mai tsabta, har ɗalibai kan yi dariya su ce uwa mai tsabta, amma tsohuwar ma'anarsa kyakkyawa ce, kuma an kwaikwayo salon ne daga Faransanci, inda suruka take “belle-mère”. Waɗanda suka yi boko a Nijar za su gane shi nan take. Namijin wannan rukuni ne ya fita daban: mijin yaya ko ƙanen mata “zwager” ne a Holan, a Beljiyam kuma “schoonbroer”. Duk da wannan ado, dangin da aure ya kawo ana yi musu laƙabi da “de koude kant”, ɓangaren sanyi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin kunyar suruki. Na ci abinci a gidan da mijin 'ya yake kiran surukarsa da sunanta na yanka, yana ce mata “je”, kalmar da ake wa aboki, maimakon “u” ta girmamawa, ita kuma tana zuba masa miya tana dariya. Na tuna yadda mutum a garinmu yake sauya hanya idan ya hango surukarsa tafe, na kuma tuna mahaifiyata da har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ambaci sunan ɗanta na fari ba.

Akwai kalmominmu da ɗalibi zai nema ya rasa. Babu kishiya, babu uwargida da amarya a ma'anarmu, domin dokar ƙasar ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba. Faccala ba ta da suna nata, “schoonzus” ce kawai. Agola “stiefkind” ne, matar uba “stiefmoeder”, ɗan riƙo kuma “pleegkind”, ko da yake riƙon nasu yawanci da sanin hukuma ake yin sa. Akwai kuma nasu da ke buƙatar hattara. “Man” namiji ne kuma miji ne, “vrouw” mace ce kuma matar aure ce, “mijn”, wato nawa ko tawa, shi ke rarrabewa. Idan mace ta ce “mijn vriend”, galibi ba aboki kawai take nufi ba, wanda suke soyayya ko suke zaune tare take nufi. Mai son ya ce wani abokinsa ne kawai, “een vriend van mij” zai ce.

Inda abin yake zama na gaske shi ne gaban hukuma. Dokar haɗa iyali sunanta “gezinshereniging”, kuma kalmar farko a cikinta “gezin” ce. A bisa ƙa'ida ta gaba ɗaya, miji ko mata da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba take nufi. Dokarsu tana kuma auna kusanci da mataki, “graad”: iyaye da 'ya'ya mataki na 1, 'yan'uwa da kakanni da jikoki na 2, baffa da kawu da gwaggo na 3, 'ya'yansu na 4. A wuraren aiki da dama da wannan ma'auni ake yanke kwanakin hutun rasuwa. Wani ɗan zangon Kumasi da muka saba da shi a Amstadam ya rasa baffan da ya riƙe shi tun yana shekara huɗu. Ya je wurin aiki ya ce ubansa ya rasu, gaskiya kuma ya faɗa. Da aka duba takardu aka ga “oom” ne, mataki na 3, sai aka riƙa yi masa kallon wanda ya shirya ƙarya domin ya samu hutu. Haka wanda ya rubuta ɗan baffansa a matsayin “broer”, ko ɗan ƙanwarsa a matsayin “zoon”, zai iya jefa takardunsa gaba ɗaya cikin zargi, alhali shi a Hausance bai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen nan ba su san zumunci ba. Sun san shi, nasu salon ne daban. A bikin zagayowar ranar haihuwa, baƙo ba mai bikin kaɗai yake taya murna ba. Yana bin dangi ɗaya bayan ɗaya yana cewa “gefeliciteerd met je moeder”, barka da mahaifiyarka, ko “met je zoon”, barka da ɗanka, kamar yadda muke bin gwaggo da kaka da barka ranar suna. A nan ne ma ɗalibi zai fi buƙatar jerin da ya haddace. Kakanni da yawa suna da rana tsayayya a mako da suke rainon jikoki. Sunayensu ma suna ɗauke da tsohuwar al'ada irin tamu. Kafin dokar Napoliyon ta 1811 ta wajabta wa kowa sunan zuri'a tsayayye, mutane da yawa da sunan uba ake kiran su. Jansen, ɗaya daga cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar, asalinsa ɗan Jan ne, kamar yadda muke cewa ɗan wane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaranmu da ake haifa a can. Na ziyarci gidan wani abokina a Bijlmer, na tarar da 'yarsa mai shekara tara tana magana ta waya da ƙanen mahaifinta da ke Kano. Da ta gama sai ta ce wa uwarta “oom” yana gaishe ta. Uwar ta tambaye ta wane daga ciki, baffa ko kawu? Yarinyar ta ɗaga kafaɗa, domin a kanta su biyun abu guda ne. Ba laifinta ba ne, harshen da take yini a cikinsa bai ba ta dalilin rarrabewa ba. Amma wata rana mutumin nan ne za a nema ya ba da aurenta, kuma idan kalmar ta ɓace mata, da wuya ta fahimci dalilin da ya sa shi ne, ba ɗan'uwan mahaifiyarta ba.

Ga mai shirin fara koyo, shawarata kaɗan ce. Ya haddace kowace kalma tare da “de” ko “het” da ke gabanta: yawancin kalmomin dangi “de” suke ɗauka, amma “het kind” ne, “het gezin” ne, kuma duk kalmar da aka ƙanƙanta, irin “zusje”, “het” take ɗauka. Ya haddace jam'i tun farko, domin ba ƙa'ida ɗaya suke bi ba: “broers”, “zussen”, “ooms”, “tantes”, “neven”, “nichten”. Ya zana bishiyar gidansu ta gaske, kada ya tsaya a ta littafi. Sannan ya riƙe ƙaramar kalmar nan “van”, wadda ke aikin “na” da “ta” namu, domin da ita zai faɗi duk abin da jerin ya kasa faɗa. “De broer van mijn vader” baffa ne, “de broer van mijn moeder” kawu ne, “de zoon van mijn oom” ɗan baffa ne ko ɗan kawu. A gaban jami'i ko a kan takarda, wannan doguwar hanya ita ce mai lafiya, ya bi ta ko da za a ga ya cika bayani. A cikin gida kuwa, iyaye su ci gaba da kiran baffa baffa, gwaggo gwaggo a kunnen yaransu, su kuma gaya musu aikin kowanne, domin babu ajin yamma a Holan da zai koya musu wannan. Allah Ya bar zumunci.